Bargo Mai Launin Tuta

Shafi na 23

Da sunan Allah Mai rahama. Masu cika mani waya da saƙo kuna cewa na bar Goggo Dela da allura a hannu na yi tafiyata, na ji ku, baƙi ne suka cika mana gida. Ke kuma da kika rubuto cewa Elhaji bai yi laifi ba, ki karanta wannan shafin har ƙasa tukuna.

*

Kwana biyar ke nan da Kausar ta sauka a Azagor, ɗa namiji, kuma kwana biyar ke nan keken ɗinkin Goggo Dela bai huta ba. Jibi suna. Amma a gidan nan na Dakoro babu mai iya ɗaga murya ya ce barka, domin Elhaji Abdulmumini, uban Kausar, ya rantse tun kakar bara, ranar da raƙuman dangin mijinta Rhissa, Buzayen Azagor, suka faɗa masa gonar hatsi a Birnin Lalle. Ya ce duk wanda ya taka Azagor daga gidan nan, kada ya dawo.

Dela ta ji rantsuwar da kunnenta. Yayarsa ce, ta ba shi shekara takwas, kuma ita ta riƙe Kausar tun daga yaye har ranar da aka kai ta ɗaki. Da labarin haihuwa ya zo sai ta jawo buhun ƙyallayenta ta zazzage.

Yanzu ga bargon nan shimfiɗe a kan tabarma cikin rumfarta. Sama ruwan goro, tsakiya fari, ƙasa tsanwa, kamar tutar ƙasa, sai dai kowane layi an haɗa shi ne da ƙananan ƙyallaye kamar tafin hannu. Yawancinsu ragowar tutocin da take ɗinka wa 'yan makarantar lakwal ne duk shekara idan bikin samun 'yancin kai na uku ga Agusta ya matso. A cikin farin akwai hannun tsohuwar rigar Babansu. A tsakiyarsa ta ɗora ranar nan mai da'ira, ita kam da hannu ta ɗinke ta, ba ta yarda keke ya taɓa ta ba. Tsanwar ce kawai ta gaza, saura kusurwa ɗaya.

"Yaya, kina ciki?"

Zuhura ce, matar Elhaji, uwar Kausar. Murya ƙasa-ƙasa, tana waige.

"Ina zan tahi? Shigo."

Ta shigo ta durƙusa. Idonta ya sauka a kan bargon, ta daɗe tana kallo. Sannan ta zaro wani zane daga cikin hijabinta, tsanwa, ya sha wanki har ya yi laushi.

"Na ji kina cewa tsanwa ta ƙare maki."

Dela ta karɓa ta warware. Ta gane shi tun kafin ta gama buɗewa.

"Wanga ba shi ne kinka goya ta da shi ba?"

Zuhura ta sunkuyar da kai. Kausar 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗi a gaban mutane.

"Shi ne. Ki yanka. Ni ba ni da ikon zuwa, bari ko zanena ya je ya ga yaron."

"Ba ki da iko ko ba ki da ƙafa?"

"Yaya, kin san halin ƙanenki."

"Na san shi tun bai san kansa ba."

Dela ta ɗauki almakashi ta shiga yanka. Zuhura ta matso ta riƙe mata bakin zanen, hawaye na sauka a kan hannunta, ba ta share ba.

"Da gaske za ki?"

"Na kama wuri a motar gobe da safe."

"In ya kore ki fa?"

"Riƙe da kyau, kina karkata mani yanka."

Ba ta rufe baki ba suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Zuhura ta zabura ta saki zanen.

"Na shiga uku. Ya ce sai azahar zai baro magaza, wurin awon gujiyarsa."

"Zauna."

"Yaya..."

"Na ce zauna. Sata kinka yi?"

Elhaji bai yi sallama ba. Ya ɗaga labulen rumfar ya tsaya, babbar riga fara sol, makullin mota a hannu, da 'yar tutar roba tana lilo a jikin makullin. Ya dubi matarsa, ya dubi zanen da aka yanka, ya dubi bargon.

"Ashe gaskiya ne."

"Wa alaikumus salam," in ji Dela.

"Direban motar Azagor ya same ni cikin mutane yana yi mani barka. Wai Hajiya babba ta kama wurin gaba, za ta suna. Cikin mutane, Yaya!"

"To ka amsa barkar?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Ni ma aiki nike."

Ta zauna a kan keke, ta jera ƙyallen tsanwa biyu, ta taka. Ƙarar keken ta cika rumfar. Elhaji ya sa hannu ya dafe ƙafar keken ta sama, ta tsaya cik.

"Ke, tashi ki ba mu wuri," ya ce wa Zuhura.

"Ba inda za ta," in ji Dela. "Rumfata ce. Wanda na ce ya zauna shi ka zama."

Zuhura ta rasa na bi. Ta rakuɓe jikin bango.

Elhaji ya nuna bargon da makulli.

"Mi ne ne wanga?"

"Bargon jikanka."

"Ba ni da jika a Azagor."

"To bargon jikana."

"Tuta ce nike gani. Tutar ƙasa kinka yayyanka za ki kai ma mutanen da ba su san ƙasa ba? Yau suna nan, gobe sun ƙetare iyaka, jibi sun dawo sun cinye gonar mutane. Wa ya san inda sunka hito? Mu ne 'yan ƙasa, mu da munka sare dajin nan munka noma shi tun kakanni. Su iska ka kawo su, iska ka maida su."

Dela ta cire tabaraunta ta ajiye a kan keke.

"Wan Rhissa yana ina yanzu?"

Elhaji ya kau da kai.

"Na ce yana ina? Shekara shida yana sanye da kakin soja, matarsa ba ta ganinsa sai a waya. Kai kuma ka liƙa tuta a gilashin mota, ka rataya wata a makulli, kana auna gujiya a inuwa. Kai ne mai ƙasa, shi baƙo?"

"Kada ki kawo mani wagga magana. Sun ci gonata ko ba su ci ba?"

"Sun ci. Sun zo har ƙofar gidan ga da dattawansu sun ba da haƙuri, ka bar su tsaye a rana. Ɗiyarka tana da ciki wata biyu ta durƙusa maka, ka tsallake ta ka shiga mota. Ina kallo."

"Na rantse, Yaya."

"Ka yi kaffara. Malamai na nan da rai."

Jijiyar goshinsa ta tashi. Dela ta san wannan jijiyar tun yana yaro, idan aka hana shi abu.

"To ki ji da kyau. In kinka shiga motar nan gobe, ki haɗa da kekenki da buhun tsummanki. Kada ki dawo mani gida."

"Gidanka?"

"Gidana."

"Gidan Babanmu Malam Sa'adu dai. Ni na ɗebo ruwan da anka kwaɓa ƙasar ɗakin da kake kwana, kana goye a bayana. Mijina ya rasu na dawo ɗakin uwata, ba alfarma kake yi mani ba. Zan tahi suna, in ɗauki yaro in rufa mashi bargonsa, in ci tuwon suna, in dawo in buɗe ƙofar ga da hannuna. Ka tara duk wanda za ka tara."

"Dela!"

Zuhura ta dafe ƙirji. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin ya kira yayarsa da sunanta ba.

Dela ta yi murmushi, amma idonta bai yi ba.

"Yau kuma Dela? To madalla. Ka girma."

Ya sunkuya ya fizgi bargon daga tabarma. Allurai suka watse. Ya ɗauki almakashin da ke kan keke.

"Sai in ga abin da za ki kai."

"Elhaji don Allah," in ji Zuhura. "Don darajar iyaye."

Bai ko dube ta ba. Ya tattaro tsakiyar bargon a hannunsa, daidai kan ranar, ya buɗe bakin almakashi.

Dela ba ta san lokacin da ta tashi ba. Gwiwar da take kuka da ita kullum ba ta ji ta ba. Sai ganin hannunta ta yi a cikin bakin almakashin, ta damƙe ƙarfen. Ya ja, ta riƙe. Jini ya biyo tsintsiyar hannunta ya ɗiga a tabarma.

"Saki! Kin haukace?"

"Yanka ko'ina. Yanka farin, yanka tsanwar, zan sake wani kafin gobe. Amma ka taɓa wanga ƙyalle na tsakiya, wallahi sai dai ka haɗa da yatsuna."

"Tsumma? A kan tsumma za ki yanke hannu?"

"Dube shi da kyau."

Ya duba. Ƙyallen ya bambanta da sauran. Ya tsufa, launinsa ya kwanta, kuma a gefe guda akwai wani ɗinki da baƙin zare, alamu uku a jere kamar sawun zabuwa a rairayi.

"Na gani. Sai mi?"

Shekara hamsin Dela tana riƙe da maganar nan. Inna ta kama hannunta a kan gadon asibiti ta sa ta yi alkawari, ta yi. Ta yi shiru ranar rabon gado, lokacin da aka ba shi gonar Birnin Lalle a matsayin ɗa namiji tilo, su Abdulhakim 'ya'yan baffa suna zaune suna haɗiyar yawu. Ta yi shiru ranar da ya bar dattawan Azagor a rana. Ta dubi almakashin, ta dubi jininta, ta ce a ranta, Inna ki yafe mani, na gaji.

"A cikinsa anka kawo ka."

Elhaji ya tsaya.

"Anka kawo wa?"

"Kai."

"Daga ina?"

"Saki almakashin in gaya maka."

Ya saki. Zuhura ta rarrafo ta yagi ragowar zanenta ta ɗaure wa Dela hannu. Dela ta koma ta zauna a bakin gado, ta jawo bargon ta ɗora a cinya.

"Shekarar babban fari. Lokacin muna Birnin Lalle, ba mu dawo Dakoro ba. Ina da shekara takwas. Inna ta haihi namiji, anka sa mashi Abdulmumini. Kwana arba'in bai cika ba ya koma."

"Ƙarya ne. Ga ni."

"Ni na riƙe fitila anka yi mashi wanka. Bari in gama."

Dela ta ci gaba.

"Kwana ukku da rufe shi, mutanen arewa sunka fara sauka bayan gari. Dabbobinsu sun ƙare. Wata yarinya ta shigo gidanmu, Buzuwa, ba ta kai shekara ashirin ba, ƙafarta duk ta tsage. Tana rungume da jariri, ko kuka ba ya iyawa. Nononta ya ƙafe. Inna kuwa na zaune nono na zuba har ya jiƙa mata zane, tana kukan nata. Yarinyar ba ta jin Hausa sosai. Ta dai durƙusa ta ɗora ma Inna jaririn a cinya."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Shi nike ji. Ka kama nono kamar za ka cinye ta. Inna ta yi dariya, rabonta da dariya tun ranar da nata ya tahi. Yarinyar ta ce a riƙe mata har ruwa ya sauka. Washegari kamyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe su anka yi kudu da su wajen rabon abinci."

Elhaji ya ja baya har ya jingina da ginshiƙin rumfar.

"Baba ya sani?"

"Baba ya yi tahiya cin rani tun kafin Inna ta haihu. Ya dawo ya tarar da yaro a bayanta, an ce mashi Abdulmumini. Maƙwabtan da sunka sani yunwa ta watsa su. Daga ni sai Inna."

"In gaskiya ne, mi ya hana matar ta dawo?"

Nan ne Dela ta kasa dubansa. Ta shafa ɗinkin baƙin zaren da yatsanta.

"Ta dawo."

Zuhura ta toshe baki.

"Bayan shekara biyu ta dawo, da mijinta, da akuya guda sunka jawo ta godiya. Inna ta hango su tun daga rijiya. Ta sheƙo gida ta ɗauke ka ta jefa mani, ta ce in shiga rumbu da kai, in ka yi motsi in toshe maka baki. Na shiga. Ina leƙe ta tsagar rumbu. Inna ta ce mata yaro ya rasu tun wancan watan. Ta ce ba mu samu likkafani ba, a cikin ƙyallensa munka naɗe shi. Ta kai ta gefen gona, inda anka rufe namu, ta nuna mata."

"Ke kuma kina ciki."

"Ina ciki. Hannuna a bakinka. Kana cizona, ban sake ka ba. Ina jin kukan matar tun daga gona. Sun bar akuyar sun tahi."

Can waje wata mai tallan fura ta wuce tana kira.

"Inna ba muguwa ba ce," in ji Dela. "Ta rufe ɗaya, ba ta iya ba da na biyu. Ta shayar da kai shekara biyu, kai ƙanena ne har gaban Allah, wanga babu mai canza shi. Amma ni na toshe bakin nan, kuma kullum sai na tuna. Da ta rasu na tarar da ƙyallen a ƙasan adakarta."

"Shi ne kinka ɗinka shi a bargo, don ki tozarta ni."

"Ban yi niyyar gaya maka ba har in mutu. Ka hana yaro rago, ka hana shi addu'a, ka hana uwarsa jin muryarka. Na ce to bari ya samu abu guda na kakansa. Na duba gidan ga kaf, ban ga abin da yake naka na kanka ba sai wanga ƙyalle."

Elhaji ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kin iya tsara magana. Wa zai shaide ki? Inna ta mutu. Baba ya mutu. Tsumma ne shaidarki?"

"Ban nemi ka yarda ba."

"So kike Abdulhakim ya ji, su taso mani a kan gona. Shi ke nan, na gane. Haɗa baki kunka yi."

"Da gona nike so da na yi magana ranar rabo. Riƙe gonarka. Ni dai kada ka sake tsayawa a gabana ka ce wasu iska ta kawo su. Kai mi ya kawo ka?"

Ya juya kan Zuhura.

"In maganar ga ta hita rumfar nan, a bakin aurenki."

"Kada ka huce a kanta," in ji Dela. "Ni na faɗa. Kuma gobe ina cikin mota."

Wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi. Ta share. Ta katse, ta sake kira. Zuhura ta jawo ta ta duba, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ita ce."

Dela ta danna, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, tana kallon Elhaji cikin ido.

"Kausar, ya jikin? Ya ɗan baƙo?"

"Goggo! Tun safe nike nemanki, rezo ya ƙi, kira ba ya shiga." Ana jin kukan jariri a bayanta. "Goggo, mi kinka sa a tsakiyar bargon nan?"

Dela ta dubi bargon da ke cinyarta.

"Don mi kike tambaya?"

"Hoton da kinka turo mani jiya. Ina nuna ma mata, kowa na yabawa, sai kakar Rhissa ta ce a ba ta ta gani. Tsohuwa Fadimata, wadda ta haihi babansa. Ta ce a ƙara mata girman tsakiyar. Goggo, tana ganin ɗinkin baƙin zaren nan ta saki wayar ta faɗi zaune."

Elhaji ya ɗago daga jikin ginshiƙi.

"Ta ce ita ta yi ɗinkin da hannunta. Ta ce ƙyallen ɗanta ne na fari, wanda ya rasu shekarar fari, an ce mata da shi anka rufe shi. Goggo, ashe shi ya sa duk kaka take tilasta masu su biyo da dabbobi ta gefen gonar Baba. Kabarin take zuwa gani. Ko bara ita ta sauka tana addu'a, masu kiwo sunka tsaya jiranta, raƙuma sunka shiga hatsi."

Dela dai ta san matar daga arewa ta zo, ba ta taɓa sanin sunanta ba. Sau biyu suna zama tabarma ɗaya da tsohuwar nan lokacin biki, fuska a lulluɓe, suna gaisawa ta bakin mai fassara.

"Tun jiya ba ta ci ba, ba ta sha ba," in ji Kausar. "Magana ɗaya take maimaitawa, in ƙyalle bai shiga ƙasa ba to yaro ma bai shiga ba. Goggo, ina kinka samo shi?"

"Tana ina yanzu?"

"Shi ne nike nemanki. Ta ce ko a kai ta Dakoro ko ta taho da ƙafa. Rhissa ya ari mota, tun hantsi sunka taso. Don Allah ki tare su a hanya, kada Baba ya gan su, kin san abin da zai..."

Wayar ta katse.

Elhaji ne ya fara magana.

"Zuhura, je ki kulle ƙofar gida."

Zuhura ta dubi Dela.

"Na ce ki kulle!"

Dela ta miƙe. Ta yafa bargon a kafaɗa, allura na lilo a jikin kusurwar da ba ta gama ba, ta zo ta tsaya a bakin rumfar.

"Sau ɗaya na ɓoye ka ga matar nan, ina yarinya, an sa ni. Yau ba mai sa ni. Wanda zai kulle ƙofar ga sai ya bi ta kaina."

"Yaya, ki rufa mani asiri." Karon farko ke nan da muryarsa ta sauko. "Ki bari in yi tunani. Ko kwana ɗaya."

"Ita shekara hamsin ta yi tana gaida kabarin da ba na ɗanta ba."

Ƙarar mota ta tsaya a waje. Aka buɗe ƙofa, aka rufe.

"Salamu alaikum."

Muryar Rhissa ce, daga zaure. Bai shigo ba, ya san rantsuwar surukinsa.

"Wa alaikumus salam," in ji Dela da ƙarfi. "Ku shigo, gidanku ne."

Aka ji takun sanda a kan daɓe, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ta bayyana, 'yar ƙarama cikin baƙin lulluɓi, Rhissa na riƙe da gwiwar hannunta kansa a ƙasa. Ta zame hannunta daga nasa. Ta zo gaban Dela ta kama tsakiyar bargon, ta kai shi dab da idonta, ta bi ɗinkin da babban yatsa. Leɓenta na motsi, babu sauti.

Sannan ta saki. Ta dubi bayan Dela, inda Elhaji yake tsaye da babbar rigarsa.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Zakari," ta ce.

"Sunana Abdulmumini," in ji Elhaji.

Tsohuwar ba ta nuna ta ji ba. Ta tako har gabansa, kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ta ɗaga hannu, ta yi magana da Hausarta mai karyewa.

"Cire hula. Duƙo in ga bayan kunnenka na hagu. Garwashi ya faɗo maka kana kwana tara."

Zuhura ta saki wata ƙara ta zame ƙasa. Shekara ashirin da biyar tana ganin tabon nan.